DARASI NA 14: BARGON ƘYALLAYE

Jama'a, kowa ya san ɗarin ƙasarmu. Da an gama yankan dawa, iska ta juyo daga arewa maso gabas, sai hazo ya rufe gari. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu dare ya kan yi sanyi ƙwarai, balle ga mu da ke zaune kusa da fadamar Bunsuru. Da asuba mutum ya kan ji ruwan alwala kamar yana yankan hannu.

Babba ya kan daure. Yaro da tsoho ba su iya daurewa. A gidaje da yawa yara uku ko huɗu ke ja-in-ja a kan mayafi guda. In sanyi ya matsa, sai uwa ta shigo da kaskon wuta ɗaki, ta rufe ƙofa, kowa ya kwanta. Nan haɗari ya ke. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗaki da abin da ke ciki. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki kuma yana fid da wata iska mai guba, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri, wani lokaci mutum ya wuce daga barci.

Bargon kanti yana da tsada, ba kowane magidanci ke iya saya wa dukan iyalinsa ba. Amma babu gidan da ba shi da tsummoki. A cikin wannan darasi za mu koyi yadda aminai kaɗan za su haɗa kai su mai da tsummokin nan bargo mai kauri. Wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Gobir. Kakanninmu sun san shi, sai dai su doki su ke yi wa.

LIFIDI

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya ga 'yan lifidi. Doki a lulluɓe da wata riga mai kauri tun daga wuya har gwiwa, mahayi kuma da irin tasa, ga kwalkwali a ka. Yau ado ne. A zamanin yaƙi kuwa lifidi garkuwa ne.

Ga yadda a ke yinsa. A kan shimfiɗa tufa, a baza audugar rimi a kai, a rufe da wata tufa, sa'an nan a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gudu ta taru wuri guda. Sau da yawa tufar waje ba ɗaya ba ce. Ƙyallaye ne masu launi iri-iri, ja da rawaya da baƙi, a yanka su a harhaɗa. In kibiya ta zo, sai ta maƙale cikin audugar, dafinta bai kai ga jiki ba.

Sarakunan Gobir sun yi suna da dawakin lifidi. Sa'ad da Sarkin Gobir Yunfa ya fito daga Alƙalawa a shekarar 1804 ya gamu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tabkin Kwatto, akwai 'yan lifidi cikin rundunarsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma yaƙi bai ƙare ba. A 1826 wani Bature matafiyi, Kilafatan, wanda a ke kira Abdullahi a ƙasar Hausa, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa su ke a lokacin. Ya rubuta abin da ya gani. A cikin labarinsa akwai 'yan lifidi, waɗanda nauyin kayansu ya sa sai an taimaka musu kafin su hau. Ya kuma ga harsashin bindiga ya kā da na gabansu. Kun ga lifidi maganin kibiya ne, ba maganin harsashi ba. Da bindiga ta yawaita, sai amfaninsa a fagen fama ya ƙare.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Har yau kufan Alƙalawa na nan ba nisa da mu. Dawakin sun tafi, amma dabarar ba ta mutu ba: tufa a ƙasa, ciko a tsakiya, tufa a sama, ɗinki ya riƙe su. Ita ce za mu ara. Da tsohuwar zuma a ke magani.

ME YA SA YA KE DA ƊUMI?

Mutane da yawa suna tsammani bargo ne ke kawo zafi. Ba haka ba ne. Zafin daga jikinmu ya ke fitowa. Aikin bargo shi ne ya hana zafin nan gudu.

Tsakanin tufa da tufa akwai iska. Cikin auduga ma akwai iska a ɓoye a tsakanin silinta. Iskar da aka tsare, ba ta motsi, ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Shi ya sa kaza ke buɗa gashinta da sanyin safe. Shi ya sa kuma zannuwa uku marasa kauri, in an ɗinke su tare, sun fi gwado ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi. Ku tuna da wannan in kun zo ɗinki: kada a matse ciko ya zama kamar allo. A bar masa wurin iska.

BA MU KAƊAI BA NE

Duk inda a ke sanyi da rashi, mutane sun gano wannan dabara.

A ƙasar Bangaladash da yankin Bengal na Indiya mata su kan jera tsofaffin zannuwansu, su bi su da ƙananan ɗinki a jere. Suna kiran abin kanta. Wasu har daga bakin tsohon zane su ke zare zaren ɗinkin.

A jihar Karnataka ta Indiya akwai wata al'umma da a ke kira Siddi, waɗanda asalin kakanninsu daga Afirka ne. Matansu na ɗinka irin wannan bargo da ƙyallayen 'yan gida, suna farawa daga gefe su yi ta zagayawa har su kai tsakiya.

A Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani ƙauye a lanƙwasar kogi mai suna Gee's Bend. Mutanensa baƙar fata ne, jikokin bayi. Matan ƙauyen sun daɗe suna haɗa tsofaffin wandunan noma da buhunan gari su yi bargo, don gidajensu na katako ba su tare sanyi. Kowace ta kan haɗa fuskar bargonta a gida, sa'an nan maƙwabta su taru su taya ta ɗinkin ciko, suna hira suna waƙa. A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar ɗinki don sayarwa. A 2002 aka baje bargunansu a babban gidan nune-nune na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. A 2006 gwamnatin Amurka ta buga hotunan bargunan a kan kan sarki. Ba don suna suka fara ba. Sanyi ne ya sa su, kamar yadda ya ke sa mu.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Mace ɗaya za ta iya ɗinka bargo, amma za ta daɗe. Ga daka, ga girki, ga raino. Yawanci sai ta yi rabi ta gaji, ta cusa shi ƙarƙashin gado. Ƙyallayenta kuma ba za su isa ba.

Mu kuwa mun saba da gayya a gona, mun saba da adashi. To, a haɗa biyun. A ce mata 7 ne, maƙwabta ko ƙawaye, waɗanda suka yarda da juna. Su zaɓi gida ɗaya mai inuwa da tsabtataccen tsakar gida, da izinin mai gidan da na mazajensu. Su sa rana biyu a mako, bayan azahar zuwa la'asar sakaliya. Dukansu su taru a kan bargo ɗaya. In ya ƙare, mace ɗaya ta ɗauka, a shiga na biye. Haka za a yi ta zagayawa har kowa ta samu.

Maza kada su ce wannan aikin mata ne. A ƙasar Hausa maza ne ke ɗinkin riga, da aikin aska, da lifidin kansa. Samarin da ke zama a zaure ko gindin bedi suna ɗinkin hula za su iya yin tasu ƙungiya. Almajirai ma, da ɗari ya fi kowa dāmu, malaminsu zai iya koya musu.

Lokacin da ya fi kyau a fara shi ne bazara. Rana na da zafin shanya, aikin gona bai kankama ba, rimi kuma ya riga ya fashe. Wanda ya bari sai hazo ya sauko, ya makara. Mai zurfin ido da wuri ya ke fara kuka.

KAYAN AIKI

Ga abin da a ke bukata:

Tsofaffin zannuwa, da riguna, da wanduna na auduga.
Ƙyallayen da suka rage wurin tela.
Zane ɗaya mai ƙwari don shafi, watau tufar baya.
Abin ciko: tsummoki masu laushi, ko auduga, ko audugar rimi.
Allura mai ɗan tsawo, da zare mai ƙwari.
Almakashi, da alli, da kwali, da abin awo na tela.
Tabarma babba mai tsabta.

Wanda ya rasa wani abu a nan Isa, zai samu a Sabon Birni ko a kasuwar Shinkafi, wadda aka sani da ci ranar Alhamis. Amma a fara duba akwati da ƙarƙashin gado tukuna. A roƙi telan unguwa ya riƙa tara ƙyallayen da ya ke sharewa.

A guji yadin roba mai santsi. Ba ya riƙe ɗinki sosai, in kuma wuta ta taɓa shi sai ya narke ya manne wa fata.

YADDA A KE YI

Na ɗaya, wanki. A wanke kowane tsumma da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana mai ƙarfi har ya bushe ƙarau. Wannan shi ke kashe kwarkwata da kuɗin cizo da ƙwansu. Sabon ƙyalle ma a wanke shi, don sabon yadi ya kan ɗage in ya sha ruwa. Wanda ya zub da launi a ruwa, kamar sabon rinin baba, a ware shi, kada ya ɓata sauran.

Na biyu, zaɓe. A ɗaga kowane ƙyalle a duba shi ta hasken rana. Inda haske ya ratso da yawa, wurin ya mutu. Masu ƙwari su tafi fuskar bargo. Waɗanda suka yi laushi su tafi ciko. Ba abin da a ke yarwa sai wanda ya ruɓe.

Na uku, awo. Turmin atamfa yadi 6 ne, zane ɗaya yadi 2. Yadi ɗaya inci 36 ne, saboda haka tsawon zane inci 72 ne, faɗinsa kuma wajen inci 46. Bargonmu zai zama inci 66 a tsawo, inci 42 a faɗi. Abin da ya rage na shafin shi za a naɗo a rufe baki da shi.

Na huɗu, yanka. A yanka kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe inci 7. Shi ne ma'auni. A ɗora shi a kan ƙyalle, a zagaye da alli, a yanka. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, sai ƙyallen ya koma inci 6. Yanzu mu yi lissafi. Inci 66 in an raba da 6, ya ba da 11. Inci 42 in an raba da 6, ya ba da 7. Watau layi 7 ne, kowane layi ƙyalle 11. In an ninka 7 sau 11, an sami 77. Kun ga kowace mace tana da layi ɗaya na ƙyalle 11.

Na biyar, jeri. Kafin a sa allura, a jera ƙyallayen duka a kan tabarma, kowa ta tsaya ta duba. Mai duhu kusa da mai haske ya fi kyau. A nan a ke gardama, a nan kuma a ke dariya. Amma maganar ƙarshe ta wadda za ta ɗauki bargon ce.

Na shida, haɗi. Kowace ta kwashi nata 11 yadda aka jera su. A kife fuskar ƙyalle a kan fuskar ɗan'uwansa, a ɗinka gefe ɗaya, a buɗe, a murje ɗinkin da farce ya kwanta. Wannan aiki a gida ma a kan yi shi, da dare ko bayan girki. Ranar taro sai a haɗa layukan 7. In akwai mai keken ɗinki a cikinku, wannan mataki zai yi sauri.

Na bakwai, shimfiɗa. A shimfiɗa shafi a kan tabarma, fuskarsa na kallon ƙasa. A ja shi ya miƙe, a danne kusurwoyin da duwatsu masu tsabta. A baza ciko a kai daidai wa daida, kada wani wuri ya yi tudu wani ya yi kwari. Sa'an nan a rufa fuskar bargo a sama. A yi manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa kowane gefe, don kada wani abu ya goce. Za a zare su in an gama.

Na takwas, ɗinkin ciko. Wannan shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma abin da masu lifidi suka gwanance a kai. A ja layuka da alli. In cikon tsumma ne, a bar faɗin yatsa uku ko huɗu tsakanin layi da layi. In auduga ce ko rimi, yatsa biyu, don su suna gudu. A soka allura ta ratsa duka uku, a fito da ita, a sake sokawa, ɗinki ƙanana masu tazara ɗaya. Kullum a fara daga tsakiya a nufi baki. In aka fara daga baki, tufa za ta tattaru a tsakiya ta yi ƙulli. Kada a ja zare da ƙarfi har bargo ya tattare.

Mutum 7 ba za su sami wuri gaba ɗaya ba. Huɗu su zauna ɗinki, biyu kowane gefe. Ɗaya ta riƙa zura zare a allurai, wannan ya dace da yarinya mai kaifin ido. Ɗaya ta kula da yara, kada su matso kusa da allura. Ɗaya ta riƙe littafi. In an jima a yi musanya.

Na tara, baki. A daidaita gefuna da almakashi. A naɗo shafin da ya rage, a kalmashe shi sau biyu a kan fuskar bargo, a ɗinke da ƙananan ɗinki. A ƙarfafa kusurwoyi, don nan yara ke ja. A ƙarshe a ƙirga allurai. In an fara da 6, a tabbata 6 aka mayar cikin kwalba.

WANE CIKO YA FI?

Tsumma ya fi sauƙin samu, ya fi kuma jure wanki. Shi ya dace da bargon yara, wanda za a riƙa wankewa a kai a kai. Aibinsa nauyi.

Auduga ta fi laushi. Amma sai an gurje ta, an fid da angurya sarai, an shiɓe ta da baka ta tashi. Anguryar da aka bari tana jawo ɓera. Tsofaffinmu da suka yi kaɗi sun san wannan aiki, a tambaye su.

Audugar rimi ta fi duka rashin nauyi, ruwa kuma ba ya saurin shiga ta. Sai dai silinta na da santsi, shi ya sa ba a kaɗa ta a yi zare, shi ya sa kuma ta ke son ɗinki kusa-kusa. A fid da 'ya'yanta. A yi aikinta inda babu iska, a ɗaure hanci da ƙyalle, don ƙurarta na sa tari.

LITTAFIN ƘUNGIYA

Abin da ke kashe adashi ba rashin kuɗi ba ne, mantuwa ce da zargi. Wannan ta ce ta kawo zare, waccan ta ce ba ta gani ba. Wadda ta riga ta ɗauki bargonta sai ta fara ciwon kai ranar taro. Daga nan zumunci ya lalace.

Maganin wannan rubutu ne. A sayi ƙaramin littafi. A shafin farko a rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da jerin ɗauka daga ta 1 zuwa ta 7. A shafi na biyu a rubuta ƙa'idodin da aka yarda da su, a karanta wa kowa, kowa ta sa hannu. Ga misali:

Wadda ta ɗauka ba ta fita sai kowa ta ɗauka.
Wadda ba ta da lafiya, ko ta haihu, ko aka yi mata rasuwa, a ɗinka mata layinta.
Wadda ta ƙi zuwa ba dalili sau biyu a jere, ta koma ƙarshen jeri.
Kuɗin zare da allura kowa daidai.
Ba a kawo maganar wanda ba ya nan.

Kowace ranar taro a rubuta kwanan wata, da waɗanda suka zo, da abin da aka tara, da abin da aka saya. Kada mace ɗaya ta riƙe alƙalami kullum. A riƙa zagayawa, ko da hannun wata bai faɗa ba tukuna. Yadda ɗinki ke miƙewa da yawan yi, haka rubutu.

A ƙarshe mai bargo ta ɗinka sunanta da shekara a kusurwa da zare mai launi. In an shanya, ba a musaya.

GARGAƊI

Bargon ciko yana kama wuta da sauri, musamman na rimi. A nisanta shi da fitila, da kasko, da maganin sauro na kunnawa. Dalilin yinsa ke nan tun farko, a fid da wuta daga ɗaki kafin a kwanta.

Kada a rufa wa jariri bargo mai nauyi, kada kuma a rufe masa fuska, don ba shi da ƙarfin ture shi in numfashi ya toshe. A sa masa riga da hula, a rufe shi da zane mara nauyi zuwa ƙirji.

Bargo ba magani ba ne. Yaron da ke tari da zazzaɓi, yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Bargo kuma ba ya maye gurbin gidan sauro.

Kowane mako a fid da bargo a shanya a rana, a kakkaɓe. In ɗari ya wuce a wanke, a bari ya bushe har ciki, sa'an nan a ninke a ajiye. In aka ajiye shi da danshi zai yi fumfuna.

WA ZAI FARA ƊAUKA?

Wasu ƙungiyoyi za su so yin ƙuri'a. Ba laifi. Amma muna ba da shawara a duba wadda ta fi bukata: mai ƙananan yara da yawa, ko mai jinyar tsoho, ko wadda mijinta ya rasu.

Akwai kuma wasu da ya kamata mu tuna. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tā da ƙauyuka da yawa a ƙasar Isa da Sabon Birni. Dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suka shigo cikin gari wurin dangi. Wanda ya gudo da dare ba ya tsayawa ɗaukar mayafi. In akwai irin waɗannan bayin Allah a unguwarku, ku jawo matansu cikin ƙungiya. Wataƙila ba su da ƙyalle ko ɗaya, amma suna da hannu, wata ma ta fi ku iya allura. Wadda ta zauna da ku kan tabarma ɗaya ta daina zama baƙuwa. In kun gama zagaye na 7, ku ƙara na 8, kowa ta ba da abin da ya rage mata, a kai wa wanda ba shi da kowa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa.

SABABBIN KALMOMI

Lifidi: rigar doki da ta mahayi mai cikon auduga, don tare kibiya.
Shafi: tufar da a ke sawa ta baya ko ta ciki.
Ciko: abin da a ke sawa tsakanin tufa biyu.
Angurya: 'ya'yan auduga.
Shiɓa: bugun auduga da baka don ta tashi.
Kalmasa: naɗe bakin tufa a ɗinke.

TAMBAYOYI

1. Wane haɗari ke cikin kwana da gawayi a rufaffen ɗaki?
2. Yaya a ke yin lifidi? Me ya sa amfaninsa a yaƙi ya ƙare?
3. A wace shekara Alƙalawa ta faɗi?
4. Daga ina zafin da mu ke ji cikin bargo ya ke fitowa?
5. Me ya sa a ke yanka ƙyalle inci 7 alhali inci 6 a ke so?
6. Me ya sa a ke fara ɗinkin ciko daga tsakiya?
7. In bargo ɗaya na cin mako 2, mako nawa mata 7 za su yi kafin kowa ta samu?
8. In kowace ta ba da naira 200 a mako, nawa za a tara a mako ɗaya? Nawa za a tara har a gama zagaye?
9. Bargon yaro yana da layi 5, kowane layi ƙyalle 8. Ƙyalle nawa za a yanka?

AIKIN GIDA

Kowa ya rubuta sunayen mutum 6 da zai so su yi ƙungiya tare. Kowa kuma ya yanka kwalinsa na inci 7, ya zo aji mako mai zuwa da wankakkun ƙyallaye 2, da allura da zare. Za mu haɗa su a nan, malami ya duba.